Wa ya taɓa yanka sitensil da kansa ya yi wa bango ado?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya taɓa yanka sitensil a gida, wato kwali ko robar da ake yanke zane a jiki a ɗora a bango a bi da fenti, ya ba mu labari. Falona nake so in yi wa ado kafin Sallah, kuɗin fepar bango ya fi ƙarfina, kuma ni dagin Arewa nake so a jere daga sama har ƙasa.

Wata daga Zariya: Wslm 'yar uwa, ni da kwalin indomi na fara, zane biyar na farko sun fito tsaf amma daga nan kwalin ya sha fenti ya yi laushi, bakin zanen ya soma cinyewa. Sai ƙanina ya kawo min tsohon hoton ƙashi na asibiti, wannan baƙar robar, muka jiƙa ta a Hypo baƙin ya fita ta koma garau, wlh da ita na gama ɗakin gaba ɗaya kuma har yau tana nan, wankewa kawai nake. Ki sa safar hannu wajen jiƙawar, bilic na cin fata.

Mai fenti, Kano: Hajiya in dagi za ki yanka ki kula da abu ɗaya, layukansa sarƙe suke da juna, in kika bi su da reza kika yanke duka to tsakiyar faɗowa za ta yi ki tashi da rami kawai. Dole ki riƙa barin 'yar gada siririya duk inda layi ya haye layi, ita ke riƙe zanen, kuma ita ce ma ke sa ido ya ga kamar igiya ce ta shiga ƙarƙashin 'yar uwarta. Ki ɗora robar kan gilashi ko tayil, sabuwar reza, hannu a hankali. Batun fenti kuma ki bar buroshi, ki yanko soson katifa ki dangwala, ki goge a jarida har ya kusa bushewa, sannan ki riƙa dannawa kaɗan kaɗan ba shafawa ba. Yawan fenti shi ke bi ta ƙasan roba ya ɓata aiki, gara ki bi sau 2.

Wani daga Damagaram: Mu nan unguwar Birni zanen tsoffin gidaje na ɗauka hoto da waya, aka buga min a takarda na kwafe da kabon. Na iyayenmu magina da hannu suke fitar da shi a jikin yaɓe, nawa fenti ne kawai amma duk wanda ya shigo zauren sai ya tsaya ya kalla.

Uwar 'yan biyu: Anti ki fara duba bangon naki tukun, in farar ƙasa aka shafa salatif zai ɗago ta, ki nemi na takarda wanda masu fentin mota ke sawa. Kuma ki shafa wa zare alli ki ja shi ki buga layi kafin ki fara, in ba haka ba jerin zai riƙa karkacewa ba ki sani ba sai kin koma bakin ƙofa.

Mai tambaya: Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Malam mai fenti, bangon fentin ruwa aka yi masa, zan iya ɗora fenti mai mai a kai?

Mai fenti, Kano: Zai hau, amma ki tsaya kan na ruwan, ya fi saurin bushewa kuma da ruwa kawai za ki wanke robar, mai mai sai kin nemo kananzir.