Yaushe ake shirya manhaja don harsuna da yawa?

Tambaya daga Agege: 'Yan uwa, muna gina manhajar biyan kuɗi don 'yan kasuwar Mile 12 a Legas, da Turanci kawai. Hausa, Yarabanci da Faransanci su jira sai mun kafu?

Amsa: Fassara ta jira, amma tsari kam tun yau. Ku ware duk rubutun allo a fayil na daban, ku sa UTF-8 (tsarin adana haruffan kowane harshe a kwamfuta) har cikin rumbun bayanai, in ba haka ba ɗ da ƙ alamar tambaya za su koma.

Amsa: Malam, a kula da SMS. Ƙ ɗaya tak tana rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, sai dogon saƙo ya rabu kashi-kashi, kuɗin turawa ya ƙaru.

Amsa: Wajen adana adadin kuɗi a manhajar, ku rubuta naira har da kwabo. Amma sefar Nijar ba ta da ɗigo, wato ba a lissafa ta da ƙananan kuɗi irin kwabo.