Rumbun bayanan kamfani: saba a ofis ko haya a gajimare?

Mai_Sito ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Kamfanin dillancin kayan masarufi ne, hedikwata a Kano, da rassa a Kaduna, Katsina da Gusau. Manhajar da ke riƙe da lissafin kaya, rasidai da basussukan 'yan kasuwa tana kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL siga 12, a kan wata kwamfuta da ke ofishin Kano. Girman rumbun ya kai gigabait 60, yana ƙaruwa da kamar 2 duk wata, masu shiga a lokaci guda ba sa wuce 40. Ma'aikacin kwamfuta ɗaya ne, shi ne mai gyaran firinta, shi ne mai kula da rumbun. Injin ya tsufa, dole a canza. Wasu sun ce a sayi sabuwar saba, wasu sun ce a koma Amazon RDS ko makamancinsa, wato hayar rumbu a gajimare, a cibiyar wani kamfani ta intanet, a huta. Wanne ya fi dacewa da mu?

Injiniya_Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a je kan farashi, ku zauna da mai kula da kuɗi ku amsa tambaya biyu da lambobi. Ta farko: idan injin ya mutu yanzu, cinikin minti nawa za ku iya rasawa ba tare da rigima da kwastomomi ba? Ta biyu: awa nawa sito zai iya zama ba manhaja kafin motoci su fara layi? Idan amsar ita ce "na minti biyar" da "awa ɗaya", to kwafin da ake ɗauka sau ɗaya da daddare da pg_dump, manhajar ɗaukar kwafin rumbu, bai isa ba, domin injin da ya mutu da la'asar ya tafi da cinikin yini guda ke nan.

Idan kun zaɓi ajiye saba a gida, ga abin da ake nufi da yin sa yadda ya kamata.

Injin kansa ba shi ne mai wuya ba. Rumbu mai gigabait 60 da mutum 40 zai wadatu da RAM gigabait 32, irin mai gyara kuskurensa da kansa wato ECC, da faifan SSD guda biyu a tsarin RAID 1, kowanne na kwafar ɗan'uwansa. A nan ake yawan yin tsimin da ke jawo asara: SSD na kwamfutar gida ba shi da kariyar ɗaukewar wuta. PostgreSQL zai ce wa faifan "rubuta wannan", faifan ya amsa "na rubuta" alhali abin yana cikin ma'adanarsa ta wucin gadi. Wuta ta ɗauke a wannan daƙiƙar, rasidin da manhaja ta ce an adana ya ɓace, wani lokaci ma shafin teburi ya lalace, ba za a gane ba sai bayan makonni. Ku sayi faifai na saba mai wannan kariyar, ku kunna tantance shafuka ta data checksums tun ranar kafa rumbun. Sai UPS da aka haɗa da injin ta waya, yadda zai kashe kansa cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa kafin janareta ya tashi. Ɗakin kuma yana buƙatar sanyi da rufi, ƙurar hunturu tana toshe fankar injin cikin 'yan watanni.

Bayan girkawa, kada a bar saitin da ya zo da shi. shared_buffers, wato kason RAM da rumbun ke riƙe bayanai a ciki, yana zuwa a megabait 128, a ɗaga shi zuwa kusan rubu'in RAM, wato gigabait 8. Ƙofar 5432, wadda ake shiga rumbun ta ita, kada ta fuskanci intanet, rassa su shigo ta VPN kawai, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro.

Kwafin ajiya shi ne asalin aikin. A sa manhajar kwafi irin pgBackRest ko Barman: cikakken kwafi duk mako, na canje-canje kullum, sannan a riƙa tura fayilolin WAL, wato littafin da rumbun ke rubuta kowane canji a ciki, zuwa wani wuri daban. Kowane fayil megabait 16 ne, kuma ba a tura shi sai ya cika, don haka a sa archive_timeout, saitin da ke tilasta tura shi ko bai cika ba, a minti ɗaya zuwa biyar, in ba haka ba a ranar da ciniki ya yi sanyi sai fayil ya yi awanni bai bar injin ba. Kwafi ɗaya ya kasance a wajen ginin gaba ɗaya. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin hayar saba na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke cikin ginin tare da sabarsu sun rasa duka biyun.

Kuma duk wata a maido da kwafin a kan wani injin, a buɗe manhaja, a duba rasidin jiya yana nan. A Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge kusan gigabait 300 daga babban rumbunsu bisa kuskure. Da aka nemi kwafi sai aka tarar pg_dump ya daɗe yana faɗuwa shiru, saboda na siga 9.2 ne ake gudanarwa a kan rumbu mai siga 9.6. Wani hoto na faifai da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awa shidan kuma suka tafi. Kamfanin masu manhaja ke nan, cike da injiniyoyi.

Tambayata gare ka ita ce: ma'aikacin nan naku guda ɗaya, idan ya tafi hutun sallah ko ya samu wani aikin, wa ya san yadda ake maido da rumbun?

Uwar_Rumbu ta amsa:

Malam Injiniya ya faɗi na gida, bari in faɗi na haya, daɗinsa da ɗacinsa.

Abin da kuɗinka ke saya a RDS, Cloud SQL na Google ko na Azure na Microsoft shi ne yawancin abin da ya lissafa a sama. A RDS kwafi yana ɗaukar kansa, ana iya riƙe shi har kwana 35, kuma za ka iya cewa a maido maka da rumbun yadda yake da ƙarfe 2:14 na ranar Talata, galibi har zuwa minti biyar da suka wuce. Idan ka kunna Multi-AZ, akwai tagwai a wata cibiyar da ke jiran ko-ta-kwana, yana karɓar aiki cikin minti ɗaya zuwa biyu idan na farko ya faɗi. Yin irin wannan a gida yana buƙatar manhajojin Patroni da etcd da injina uku, ba aikin mutum ɗaya mai gyaran firinta ba ne. Sai dai da Multi-AZ kuɗin hayar injin yana ninkuwa biyu. Alkawarin da suke yi na cewa rumbu zai kasance yana aiki kashi 99.95 cikin ɗari na lokaci yana nufin kimanin minti 22 na tsayawa a wata, kuma idan suka saɓa, rangwamen kuɗin haya za su ba ka, babu ruwansu da cinikin da ka rasa.

Abin da ba su ɗauke maka ba: tambaya mai nauyi da mai manhaja ya rubuta ba tare da fihirisa ba, wato index mai saurin nemo bayani, tana nan da nauyinta, sai dai yanzu kana biyan dala a kanta. Kalmar sirri mai rauni, ko barin rumbu a buɗe ga duniya, laifinka ne. Ba ka da ikon shiga injin, ba ka da cikakken ikon shugaban rumbu, kuma ƙarin kayan aikin da suka amince da su kaɗai za ka girka. Ka tambayi mai manhajarku ko tana dogara da wani abu da ke karanta fayil kai tsaye daga faifan saba, domin irin wannan ba zai yi aiki ba. Faifai kuma ana ƙara girmansa cikin sauƙi, rage shi ne wahala.

Yanzu babban tarkon da ya shafe ku, nisa. Cibiyar AWS, wato gajimaren Amazon, mai cikakken aiki a Afirka tana Cape Town, an buɗe ta a 2020. Azure na Johannesburg tun 2019, Google ya buɗe nasa a can a 2024. Da yawa a Najeriya suna zaɓar Landan ko Frankfurt saboda wayoyin ƙarƙashin teku Turai suka nufa. Kowanne ka ɗauka, saƙo ya je ya dawo daga Kano zai ci milisakan 100 ko fiye. A cikin ofis bai kai milisakan ɗaya ba. Tsofaffin manhajojin sito da ake girkawa a kwamfutar kowane ma'aikaci suna yin hira da rumbu kamar maƙwabci ne: buɗe rasidi ɗaya mai layi 50 na iya aika tambaya 200, ɗaya bayan ɗaya. Ka lissafa, 200 sau milisakan 100, daƙiƙa 20 ke nan mai karɓar kuɗi yana kallon allo, dillali na tsaye a kansa. Ƙara ƙarfin intanet ba ya maganin wannan, tafiyar ce mai tsawo. Saboda haka ƙa'idar ita ce manhaja da rumbu su zauna wuri ɗaya. Idan manhajarku ta burauza ce, a kwashe su tare zuwa gajimare, komai zai tafi daidai. Idan ta girkawa ce, kada a raba ta da rumbunta.

Sai dala. Ana biyan awannin injin, girman faifai, kwafin da ya wuce kason kyauta, da bayanan da ke fita, wanda a cibiyoyin AWS na Turai yake kusan santi 9 kan kowane gigabait. Kafin Yuni 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi kasafinsa da naira ya ga haya ta ninka uku ba tare da ya ƙara komai ba. Ku yi lissafin shekara uku na ɓangarorin biyu, a na gida ku sa dizal, batura da albashin mutum na biyu, a na haya ku bar sarari don motsin canji.

Ɗan_Zazzau ya amsa:

Ina tare da Hajiya a batun nisa, amma akwai abin da ba a taɓo ba. A 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi kwanaki yana tangal-tangal a Najeriya. Kamfanin da rumbunsa ke Landan ko rasidi ba zai iya bugawa ba idan hanyarsa ta bi ta nan. Na gida kuma rassansa uku sun dogara da layin ofishin Kano, wanda ya fi wayar teku saurin yankewa, mai haƙa kwalbati ɗaya ya isa. Kowanne aka zaɓa, kowane reshe ya samu layi biyu daga kamfanoni daban-daban.

Akwai hanya ta tsakiya: ku sayi sabarku ku kai ta ajiya a cibiyar bayanai ta cikin gida, irin su Rack Centre a Legas ko Galaxy Backbone a Abuja. Wuta, sanyi da tsaro nasu ne, kwafi da sabunta rumbu naku ne. Wannan yana kuma sauƙaƙa batun doka. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, kuma sunaye da lambobin wayar kwastomominku suna ciki. Ba ta haramta ba, amma sai an cika sharuɗɗan, kuma idan bayanai suka fita ta hanyar kutse mai haɗari ga mutane, awa 72 gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Ku nuna wa lauyanku kafin sa hannu.

Mai_Sito ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na tambayi mai manhajar, ya ce ta burauza ce, babu abin da ake girkawa a kwamfutocin rassa. Ɗaukar ma'aikaci na biyu kuma ba ya cikin kasafin bana. Idan mun koma haya, yaya ake kwashe kayan ba tare da tsayar da ciniki ba?

Uwar_Rumbu ta amsa:

To Alhaji, da wannan bayanin ni haya zan ce, manhaja da rumbu a cibiya ɗaya. Injin mai RAM gigabait 16 ya isa a fara, ana iya ƙara shi daga baya da ɗan tsayawa kaɗan.

Kada ku kwashe siga 12 yadda take. Kowace babbar siga ta PostgreSQL shekara biyar ake kula da ita, ta 12 ta daina samun gyaran tsaro tun Nuwamba 2024, kuma RDS yana cajin ƙarin kuɗi ga masu zama kan tsohuwar siga, ya fara haka da MySQL 5.7 da PostgreSQL 11 a 2024. Ku tafi 16 ko 17 kai tsaye. Abu biyu ne ke yawan karya tsohuwar manhaja a wannan tsallen: daga siga 14 sabbin kalmomin sirri suna zuwa a tsarin tsaro na SCRAM, wanda tsohon direban haɗi bai iya ba, daga 15 kuma ba kowane mai amfani ke iya ƙirƙirar teburi a cikin public, sashen rumbu na kowa da kowa, ba sai an ba shi izini.

Ku yi gwaji cikakke mako biyu kafin ranar. A ɗauki kwafi da pg_dump na sabuwar siga, a tsarin babban fayil mai rassa da aiki huɗu a lokaci guda, a loda da pg_restore, a auna lokaci. Fihirisa ba ta shiga kwafi, ana sake gina ta a can, don haka gigabait 60 zai iya matsewa sosai. Idan ya koma 15, a layin megabit 20 zai ci kusan awa ɗaya da minti 40 kafin ya hau. Daren Asabar bayan rufe sito ya ishe ku, ba sai kun shiga wahalar kwafi mai bin sawu ba, wato wanda ke tura kowane canji zuwa sabon rumbun nan take. Idan kuma kuka gwada shi, ku tuna goge ramin kwafin, wato replication slot, bayan an gama, domin wanda aka manta da shi yana hana share WAL har faifai ya cika rumbu ya tsaya.

Bayan lodawa a gudanar da umarnin ANALYZE kafin kowa ya shiga, in ba haka ba rumbun bai san girman teburansa ba, safiyar farko za ta yi nauyi a zargi gajimare a banza. A gwada jimillar basussuka da adadin rasidai a tsoho da sabo, su zo daidai har kwabo. Tsohon injin a mai da shi na karatu kawai, a bar shi wata guda. Sannan ku sa ƙararrawar kasafi a asusun, ku kunna kariyar hana gogewa, kuma duk mako a sauko da kwafin pg_dump ɗaya zuwa ofishin Kano, saboda ranar da katin biyan kuɗi zai ƙi aiki a dakatar da asusun.