Furojet ɗinmu na na'urar magana don wanda ba ya iya magana, a taimaka mana da shawara

Ɗan ND2 Lantarki:

Assalamu alaikum jama'a. Mu huɗu ne a gurup ɗinmu, kuma furojet ɗin da muka ɗauka shi ne mu haɗa wata 'yar na'ura mai maɓallai wadda in mutum ya danna za ta furta kalma da Hausa, kamar ruwa, abinci, banɗaki da sauransu. Abin da ya kawo tunanin, ɗaya daga cikinmu yana da ƙani ɗan shekara 9, shawara ce ta kama shi yana jariri ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, yanzu yaron yana gane duk abin da aka ce masa har dariya yake in an yi abin dariya amma magana ba ta fita, hannunsa kuma ba ya tsayawa waje ɗaya, in zai kama abu sai ya yi ta karkarwa ya wuce gefe. A gida da ido da ƙugi ake gane me yake so, wani lokaci a dace wani lokaci ya yi ta kuka an rasa dalili.

Muna da Arduino Uno guda ɗaya, wato ɗan ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni ya sarrafa na'ura, da 'yan kuɗin da muka tara. Tambayata, Uno zai iya ɗaukar sauti? A ina za mu samu muryar Hausa? Sannan maɓallai nawa ya kamata mu sa, don malaminmu ya ce mu ƙara sikirin da Bluetooth in muna son maki mai kyau, mu kuma wallahi burinmu yaron ya amfana ba maki kawai ba. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan ya ce wani abu.

Mai Solda:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka, wannan furojet ne na gaske. Uno shi kaɗai ba zai riƙe muku sauti ba, memorinsa 32KB ne RAM kuma 2KB kacal, kalma biyu uku masu kyau sun cika shi. Ku nemi ƙaramin modul da ake cewa DFPlayer Mini, yana karanta MP3 daga memori kad kuma yana iya tuƙa ƙaramar sifika har 3W da kansa ba sai kun haɗa wata amfilifaya ba. Kad ɗin kada ya wuce 32GB, ku yi masa fomat FAT32, ku buɗe folda mai suna mp3 ku jera sautukan 0001, 0002 haka har ƙarshe. Tsakanin ƙafar TX (mai aika saƙo) ta Arduino da RX (mai karɓar saƙo) ta modul ɗin ku sa resisto 1k, in ba haka ba za ku riƙa jin wani ƙara zuuu a sifikar. Kafin ku rufe akwati ku koma Arduino Nano, aiki ɗaya suke yi kuma ya fi ƙanƙanta.

Wuta kuma kada ku kuskura ku yi amfani da batirin 9V ɗin nan mai kusurwa huɗu, sifika za ta shanye shi nan da nan. Ku samu batirin 18650 da modul na caji TP4056 mai kariya da ƙaramin busta da zai ɗaga wutar zuwa 5V, sai a riƙa caji da cajar waya. Wasu za su ce ku sa fawa banki, amma da yawansu suna kashe kansu idan abin da ke jan wuta bai da yawa, kenan yaro zai danna ya ji shiru.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne maganar hannun da ka faɗa. Waɗannan ƙananan maɓallai na lab ba za su yi masa ba sam. Ku nemi manya irin na injin gem, ku ba da tazara tsakaninsu, sannan ku ɗora wani faranti na roba ko filawud a sama mai huji a saitin kowane maɓalli, yadda zai kwantar da hannunsa a kai ba tare da ya danna komai ba sai ya zura yatsa inda yake so. A kod ɗin da za ku rubuta wa Arduino kuma ku sa sai an riƙe maɓalli na ɗan lokaci kafin ya yi magana, kuma in ya yi ya ɗan jira kafin ya karɓi wani dannin, ku bar wannan lokacin a yadda za a iya canza shi don sai kun gwada da yaron za ku san daidai. Ku bar ramin jak na 3.5mm a gefe, shi ne wanda ake amfani da shi a maɓallan masu buƙata ta musamman, wata rana in an gano ƙafarsa ko kansa ya fi hannunsa saiti sai a jona maɓalli na waje.

Malamar Yara Masu Buƙata ta Musamman:

Ƙannena sannunku da ƙoƙari. Ni ban san solda ba, amma ina roƙonku kada ku sayi ko waya ɗaya tukuna. Ku samu kwali ku liƙa hotuna huɗu ko shida, ku kai gidan ku zauna da yaron da mahaifiyarsa, ku ga ina hannunsa yake kaiwa da sauƙi, dama ko hagu, girman hoton da yake iya nunawa, yana zaune ne ko a jingine. Wannan kwalin shi zai gaya muku yawan maɓallai, ba mu ba kuma ba malaminku ba. Tsarin PECS da aka fara a Amurka a 1985 da katin hoto kawai ake yi, yaro ya miƙa hoton abu a ba shi abin, kuma har yau ana amfani da shi. Ko bayan kun gama na'urar ku bar musu kwalin a leda, ranar da caji ya ƙare bai kamata bakinsa ya rufe ba.

Sai maganar kalmomi, nan ne na fi damuwa. Ka lissafo ruwa, abinci, banɗaki. Waɗannan uwarsa ta riga ta san lokacinsu tun kafin ya nema, su ne ma abin da aka fi saurin ganewa a gida. Abin da ba ya iya faɗa shi ne a'a, bari, ƙara, na gama, ciwo, zo, ba wannan ba, ina so. Irin waɗannan ƙananan kalmomi su muke juyawa duk yini mu masu magana, kuma kowace tana shiga wuri da yawa: ƙara ta yi a abinci, ta yi a wasa, ta yi in ana masa tatsuniya. Kuma a'a lallai ta kasance a ciki, a wurin da ya fi sauƙin kaiwa, domin yaron da ba ya magana kowa juya shi yake yadda ya ga dama, a ɗaga shi, a ɗura masa, a canza masa kaya gaban mutane, wani ma ya cutar da shi yana da tabbacin ba zai faɗa ba. In ya danna a'a kuma a saurara masa, in ba haka ba zai daina dannawa.

Hotuna akwai na ARASAAC na gwamnatin yankin Aragon a Sifaniya, kyauta ne kuma suna da yawa, amma kofinsa na gida da butarsa da kwanon tuwonsa ku ɗauke su da waya ku buga, zai fi saurin ganewa. Inda kuka sa kalma kuma ku bar ta a nan, kar yau tana sama gobe tana ƙasa, hannu yana haddace wuri.

Abu biyu ku gaya wa mutanen gidan. Su ma su riƙa danna na'urar suna magana da shi, in za a ƙara masa shayi uwar ta danna ƙara tana faɗa, haka yake koyo, kada a ajiye masa a ce to yi magana mu gani. Sannan kada kowa ya kama hannunsa ya kai masa kan maɓalli ya ce ga abin da ya faɗa, an gwada wannan salon a ƙasashen waje bincike ya nuna mai riƙe hannun ne yake magana ba yaron ba. In sun ji tsoron na'ura za ta sa ya ƙi koyon magana da baki, wani nazari da aka wallafa a 2006 ya tattara binciken da aka yi kan haka bai samu ta rage wa kowa magana ba, yawancinsu ma ƙaruwa suka yi. Kuma tunda shawara ce sanadi, a kai shi a auna jinsa, tana yawan taɓa ji ko da a gida ana ganin kamar yana ji lafiya.

Abban Kod:

Ni fa ina ganin kuna wahalar da kanku. Tsohuwar wayar Android ta ishe ku, ga sikirin ga sifika ga batir duk a haɗe. Akwai Cboard, manhaja ce ta kyauta da aka yi don wannan aikin, UNICEF ma ta tallafa mata, kuna iya sa hotonku da rikodin ɗinku. Murya kuma kamfanin Meta sun saki MMS a 2023, manhaja mai mayar da rubutu murya, mai harsuna sama da dubu kuma akwai Hausa a ciki, kuna rubutawa ya karanta. Da 'yan maɓallai kaɗan ina yaro zai je? Masanin kimiyya Stephen Hawking tun 1985 ya rasa muryarsa amma ya ci gaba da lacca da rubuta littattafai da kwamfuta, daga baya ma da motsin kunci ɗaya yake sarrafa ta, kuma Intel sun saki manhajar tasa ACAT kyauta a 2015. Ku yi tunani babba.

Mai Solda:

Abban Kod maganarka gaskiya ce ga wanda ya iya karatu kuma yatsansa ke saiti. Hawking ya riga ya zama farfesa kafin ya rasa murya, wannan yaro ne da ko a'a bai taɓa samun faɗa ba. Gilashin waya da ka shafa ya amsa, hannu mai karkarwa zai danna abu biyar kafin ya kai wanda yake so, kuma waya a gidan yara ka san 'yan uwansa za su ɗauke su buga gem. Muryar inji kuma rubutun Hausarmu ba ya nuna karin sauti da jan wasali, sai ka ji ta karanta kalma ta koma wata. Kalma goma sha ai rikodin ya fi. In ya ƙware ya buƙaci kalmomi da yawa sai a koma waya, ban ƙi ba.

Maman Hajiya Ƙarama:

Na karanta har hawaye ya zo min, 'yata irin lalurar ke gare ta. 'Ya'yana ga nawa. Muryar da za ku sa don Allah ta yaro ce, ku samu sa'ansa namiji mai irin Hausar gidansu ya yi muku, kada yaro ɗan shekara tara ya danna a ji muryar ƙaton namiji mai gemu, yara za su yi masa dariya shi kuma ba zai ji tasa ba ce. Ku sa ba ni, zo, bari, ba tare da ka ko ki ba, don ya iya faɗa wa babansa ya faɗa wa yayarsa. Kuma ku sa gaisuwa. Baƙi suna shigowa gidana su gaishe da kowa su tsallake ta kamar ba ta wurin, sai su tambaye ni ya jikin nata alhali ga ta nan tana kallonsu tana murmushi, da tana da abin da za ta danna ta ce ina kwana ai dole su juyo su amsa mata.

Akwatin ya zama wanda ake gogewa da tsumma, akwai yawu akwai kunu, kuma zai faɗi ƙasa ba sau ɗaya ba, a yi masa igiya ko abin ɗaurewa a kujera. Kada a bar kaifi a gefe.

Na ƙarshe, ranar da za ku kare furojet kada ku ɗauko yaron ku kai shi gaban malamai ana kallonsa, kuma kada ku ɗora bidiyonsa a TikTok sai iyayensa sun yarda shi ma an tambaye shi ya nuna ya yarda. Sannan na san furojet makaranta ke riƙewa a ajiye a kabad, to in ya saba da ita kuka karɓe fa? Kuma in kun gama kun watse waye zai gyara in waya ta tsinke?

Ɗan ND2 Lantarki:

Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama wannan tambayar taki mun zauna a kanta, mun yanke guda biyu za mu haɗa, ɗaya mai sikirin da Bluetooth ta makaranta, ɗaya mai sauƙi ta zauna wurin yaron, kuma yayansa da ke gurup ɗinmu shi zai yi soldar ta biyun da hannunsa don ya san cikinta. Mun kai kwalin kamar yadda Malama ta ce, ashe hannun hagu ya fi masa, kuma layin ƙasa yake iya kaiwa, na sama sai ya yi ta fama. Hoto huɗu ya fi nunawa daidai, da muka sa shida sai ya fara haɗa biyu. Malama mu tsaya a huɗun ne ko mu yi shida ya saba a hankali?

Malamar Yara Masu Buƙata ta Musamman:

Ku huda gurbi shida ko takwas tun yanzu amma ku rufe sauran da murfi, ku fara da huɗun a layin ƙasa ta hagu, in ya saba sai a buɗe ɗaya ɗaya ba tare da an taɓa wurin na farkon ba. Kuma ku sake gwada shidan bayan kun ɗora farantin mai huji da Mai Solda ya faɗa, wataƙila hannun ne ke zamewa ba ganewar ba. Waɗanne huɗu za a fara da su ku bar mahaifiyarsa ta zaɓi uku, a'a ce ta huɗun.