Sun gani da idonsu amma sun ƙi yarda, ya zan yi da su?

Sabon Malami: Assalamu alaikum, don Allah shawara nake nema. Lissafi na karanta, malamin Fiziks ya yi ritaya aka ce in riƙe ƴan SS1, ga mota biyu nake hawa kullum kafin in isa makarantar. Ranar Talata na tambaye su, babban dutse da ƙarami, wanne zai riga dira ƙasa? Duk suka ce babba. Na hau bene na sake su tare, suka dira tare, har sau uku. Wani ya ce ƙaramin na fara saki. Wata ta ce benen ne bai da tsawo. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne haziƙin ajin, ya rubuta daidai a gwaji, da na yaba masa sai ya ce, "Malam, ai wannan amsar jarrabawa ce."

Tsohon Firinsifal: Yaro, shekara 35 na yi da alli a hannu. Ka ba su g = 10, wato yawan saurin da abu ke ƙarawa yayin faɗowa, su haddace, WAEC ba ta tambayar abin da ke zuciyar ɗalibi.

Malamar Kimiyya: Baba, a gafarce ni, yaran ba ƙarya suka yi ba, kullum suna ganin dutse ya riga ganye, ba wanda ya ce musu iska ce. Malam, ka ɗora fallen takarda ɗaya a kan littafi ka saki, tare za su sauka. Kuma su za su saki da hannunsu, ba kai ba.

Sabon Malami: Malama, yara 80 a bene? Wani ya faɗo wa zai amsa?

Ɗan Ƙauye: Ku da ma kuna da bene. Mu ko allo mai kyau babu, albashi sai 10 ga wata.

Mai Waya: Nuna musu bidiyon Apollo 15, inda ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata a 1971, suka dira tare.

Sabon Malami: Na nuna a wayata. Cewa suka yi haɗi ne.

Tsohon Firinsifal: Ban faɗa ba? Tun zamanin Aristotle, masanin Girka na dā, mutane ke kan cewa babba ke riga dira, sai da masanin kimiyya Galileo ya zo, kai kana so ka gyara a darasi ɗaya. Ka gama silabas.

Sabon Malami: Baba, ai ina kan silabas ɗin. Ni dai gwajin da na yi a bene ba shi da matsala.

Ɗan Ƙauye: Wai ku an biya ku na wannan watan?