Ya zan yi da motarmu daga Fatakwal zuwa Sakkwato?

Salam 'yan uwa, don Allah ku ban shawara. An yi wa maigidana taransifa daga Fatakwal zuwa Dibishin ta 8 ta sojoji a Sakkwato, har ya kama aiki, mu kuma ƙarshen wata za mu bar gidan bariki. Matsalar Corolla ɗinmu ce, giyarta na ba da wahala ba za ta jure doguwar tafiya ba. Wani mai tirela ya yarda zai ɗora ta amma wai sai na biya kuɗin duka kafin ya tashi, ya ƙi a yi rubutacciyar yarjejeniya, kuma asalin takardun kwastam yake so saboda shingayen hanya. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Fotokwafi ba zai isa ba? In ta bugu a hanya wa zai biya? Matan sojojin da kuka taɓa yi, ya kuka yi?