Muhawara: Wai makaɗin gargajiya maroƙi ne kawai?

Ɗan Birni: Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Kiɗan gargajiya roƙo ne da ganga. A wasa mai kuɗi, a yi wa marowaci zambo, a karɓi riga. Ni ban ga asarar da aka yi ba don kiɗan kwamfuta ya kore su daga gidajen biki.

Kawu Mahauci: Yaro, ka yi gaggawa. Kalangu namu ne, mu mahauta. A da in an yi yanka mai kyau, da shi ake sanar da gari. Maƙera na da dundufa. Ka je gayya ka gani: makaɗi ya kaɗa wa manomi takensa da gangar noma, sai wanda ya jigata ya sake sunkuyawa kan garma har a kai ƙarshen kunya. Wannan aiki ne, kuma haƙƙinsa yake karɓa.

Goggo: Ku maza kun manta da mu. Wa ya biya mu a gaɗa? Shantu da kiɗan ƙwarya fa? A nan mace ke amayar da abin da ke cinta, wanda ba za ta iya faɗa wa miji ko kishiya ido da ido ba. Yau 'yan jikokina ko waƙar gaɗa ɗaya ba su iya ba, abin yana min ciwo ƙwarai.

Ɗan Birni: Goggo, na karɓi naki. Amma Kawu, makaɗan fada fa? Ai yabon wanda ke kan gado kawai suke yi.

Malamin Tarihi: Suna yabo, ba musu. Amma cikin yabon suke jero kakannin sarki da yaƙoƙin da aka yi, mai kunne ya riƙe. Tambari kuma ba a buga wa kowa, alamar sarauta ce. A 2024 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alkintawa. Cire kakaki da algaita da tambura daga hawan, ka gaya min me ya rage.

Ɗan Birni: Dawakai, Malam. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min batun zambo. Mutum ya ci mutuncinka don ba ka ba shi ba, wannan ma al'ada ce?

Kawu Mahauci: Wannan kam aibi ne, ba zan kare shi ba. Amma laifin mai bakin ne, ka bar kalangu.