Jama'a, me za mu kira philately da Hausa?

Assalamu alaikum. Jiya ina kwashe kayan marigayi babanmu na ci karo da wani tsohon littafi cike da kan sarki, na Najeriya da Nijar da Jamus da Ingila, wasu tun na zamanin sulai da fam kafin naira ta shigo a 1973. Ɗana ya ce Baba wannan sitika ce? Wallahi abin ya taɓa ni. Mu da muka taso ana rubuta wa BBC da Muryar Jamus wasiƙa, in amsa ta zo a jiƙa ambulan a ruwa a ɓanɓare kan sarkin a hankali a shanya, yau WhatsApp ya sa yaro bai ma san hanyar gidan waya ba. Turawa suna ce wa wannan sha'awa philately, wani Bafaranshe Georges Herpin ya ƙirƙiro kalmar a 1864. Mu fa? Kada abin ya mutu ba mu raɗa masa suna ba.

Malam na Zariya: Shi kan sarki ai kakanninmu sun gama mana aiki, kan sarkin Ingila suka gani a jiki suka kira shi haka, na farko ma na 1840 kan Sarauniya Victoria ne. Saura aikin kawai. Ni dai na ce tarin kan sarki.

Hajiya Kaduna: A'a Malam, tari kuma? A rubuce wani zai ɗauka ciwo ne. Kuma ba tarawa kaɗai ake ba, ana jera su ƙasa-ƙasa shekara-shekara ana nazarinsu.

Ɗan Maraɗi: Mu nan tambur muke cewa, amma kan sarki ya fi daɗin ji, kowa zai gane. Me zai hana adana kan sarki?

Hajiya Kaduna: Adana ya yi faɗi, kuɗi ma adana su ake. Taskace kan sarki fa? Abin da ka sa a taska ka san darajarsa.

Na gode ƙwarai, ni ma wannan ya fi kwanta min a rai. Taskace kan sarki ke nan, mai yi a ce mai taskace kan sarki, littafin kuma kundin kan sarki. Yau da daddare zan zaunar da yaron in buɗe masa kundin kakansa.